Buhunan Albasar Inna da Gajeriyar Mota

Maigidana mutum ne mai hankali a kan komai, ban da mota. Malamin lissafi ne a wata sakandare a Bodinga, ba ya zaman majalisa, ba ya faɗa da kowa, amma da an kawo zancen mota sai hankalin ya tashi ya bar shi. Ni kuwa ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a Shagari, kuma abin da nake nema a wurin mota bai wuce ta kai ni aiki ta dawo da ni ƙuguna lafiya ba.

Wata shekara ya haɗu da masu wasan mota. Duk Asabar sukan taru a wani fili a bayan Sakkwato, su jera tsofaffin tayoyi, su yi ta zagaya su a guje suna shan kwana. Magidanta ne fa, wasu har da furfura. Ya je kallo ya dawo yana cewa motarmu tana kwanciya gefe in ya sha kwana, wai shakazobarta ta yi laushi. Shakazoba ita ce abin nan da ke bayan kowace taya yana shanye gargada. Ban nemi sani ba, dole aka sanar da ni.

Ya ce akwai wata iri mai zare a jiki kamar na noti, sifirin ɗin da ke ɗauke da nauyin mota yana zaune a kan zobe. In ka juya zoben da sifana sai motar ta sauka ƙasa ta kama titi, in ka juya shi baya ta ɗago. Makonni ya yi yana zaɓe. Ina tuƙa tuwo yana tsaye a kaina da waya, yana nuna mini wadda tsawo kawai take canzawa, da wadda har tauri da laushi ake murɗa mata.

"Wace kinka ga ta hi?" ya tambaye ni.

"Wadda ka kai ni Shagari, Malam."

"Ai shi na nike hwaɗa miki. Mota guda, aiki biyu. Asabar ta sauka, Litinin ta tashi."

Ya sayi mai murɗe-murɗen duka. Daga nan yammacin Juma'a ya zama na jak da cire tayoyi, yana awo da rular makaranta. Ranar Lahadi ya kamata ya ɗago ta, amma sau da yawa gajiya takan hana. Sai mu tafi aiki a haka, kowane rami yana zuwa mini har haƙori. In muka iso tudun nan da ake yi a kan titi don rage gudu, sai ya karkace motar ya hau a kaikaice, in abin ya ƙi ya ce in sauka tukuna. Na sha tsayawa a bakin titi da fararen kayan aiki, 'yan kabu-kabu suna wucewa suna kallona, ina jiran mijina ya gama lallaɓa mota. Haushi nake ji, amma haushin da ake shanyewa ne.

Abin da ya fi damuna a lokacin mahaifiyata ne. Babanmu ya rasu shekarar da ta gabata, Inna ta gama takaba ta zauna a gidansu na Mandera ita da awakinta, yanar ido kuma ta fara rufe mata gani. Ni da nake tura iyayen mutane wurin likita na kasa fito da tawa. Na yi roƙo, na yi fushi, na yi kuka. Kullum da uzurinta, yau akuya ta kusa haihuwa, gobe ana dashen albasa. A ƙarshe ta ce in an cire albasa za ta zo. Da aka cire kuwa ta aiko da kanta, ta ce a zo ranar Lahadi. Na share mata ɗaki, na sayi sabuwar katifa, na yi magana da likitan ido a Sakkwato.

Tun farkon mako nake cewa Malam ya bar motar a sama. Ya ce da ya dawo ranar Asabar zai ɗago ta. Ya dawo, amma babu sifana. Ya ara wa wani abokin wasansa, shi kuma ya wuce biki Tambuwal da ita a mota. Sifanar ba irin ta kowa ba ce, mai ƙugiya ce kamar lauje, babu ita a Bodinga. Wani bakanike ya ce zai juya zoben da guduma da kurfi, Malam ya ce sam, za a ƙwarzane masa zobe. Na ce to mu ɗauki shatar mota.

"In tahi ɗauko Inna da motar haya, ga tawa aje? Mi mutane ka cewa? Sannu-sannu za mu bi."

A wurinmu suruki da kansa yake zuwa, da abin hawansa, wannan gaskiya ne. Na shiga mota.

Hanyar shiga gari motocin albasa sun riga sun yi mata kwari biyu, tsakiya ta yi tozo. Muna tafiya cikin motar yana gurzar ƙasa, Malam yana runtse ido kamar shi ake gurza. Muka isa dai. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da Inna, kai a ƙasa, ya gaishe ta da muryar da ko ni da kyar na ji. Tun da aka yi aurenmu bai taɓa haɗa ido da ita ba, bai taɓa gaya mata magana mai tsawo ba.

Babanmu yana da al'ada, lokacin albasa ba wanda ke barin gidansa da but ɗin mota a wofi, balle suruki. Inna ta riƙe wannan. Na tarar ta sa an jingine buhunan albasa da na gero a zaure, ga akwatinta, ga tabarmar sallarta. Maƙwabta suka yi ta lodi. Ina kallon motar tana nutsewa har tayoyin baya suka shige jikinta, ina kallon Malam yana kallo. Aka kamo hannun Inna aka zaunar da ita a baya. Mata sun cika ƙofar gida suna yi mata addu'a.

Ya tayar, muka matsa kaɗan, sai taya ta kama kuka tana gogar ƙarfe, cikin motar ya zauna daram a kan tozon hanya. Ya raɗa mini cewa sai an rage kaya. Na ce ya gaya mata da bakinsa. Ya dube ni kamar na ce ya shiga wuta. Ya fita, ya buɗe but, ya yafito mutane, aka fara sauke buhuna a gaban duk wanda ya zo sallama.

Inna ba ta gani sosai, amma kunnenta ras yake. Ta ji buhu ya dira a ƙasa.

"Mi aka saukewa?"

"Albasa ta, Inna. Mota ta yi ƙasa. Gobe mu aiko a ɗauka."

"Ba motag ga ta bara ba ta?"

"Ita ta. An dai canza mata ƙahwahu."

"Bara da mai gidan ga na da rai ta ɗauki abin da ya hi wanga. Ba a sauke komi ba."

Na buɗe baki in yi bayani. Ta ina zan fara? In ce wa matar da ta yi rani tana biyan masu ban ruwa, surukinta ya gajarta motarsa don ya zagaya tsofaffin tayoyi ranar Asabar? Na fara zancen zobe da sifana, ni kaina na ji maganar ba ta da kai. Ta lalubi murfin mota ta buɗe.

"Na mance ban ba awaki ruwa ba," ta ce.

Ta shiga gida tana dafa bango. Na bi ta, na tarar kwatarniyar awakin cike take. Ta shimfiɗa buzu ta zauna, ta ce mu tafi kada rana ta yi mana, ita sai an kwana biyu. Na yi magiya har muryata ta dushe. Aka fito da akwatinta daga mota aka mayar ɗaki. Da motar ta zama wofi sai ta tashi lafiya lau, muka kama hanyar Bodinga.

Da sifana ta dawo ya ɗaga motar har ƙarshen zare, bai sake zuwa filin nan ba. Ya koma Mandera ya durƙusa, ya ba da haƙuri iyakar yadda kunya ta bar shi. Inna ta ce ba komai, Allah ya yi masa albarka, za ta zo in an yi shuka. Aka yi shuka ta ce sai an yi girbi. Idon hagu yanzu ya rufe gaba ɗaya, katifar da na saya tana nan a ledarta. Har yau in na ga sifanar nan rataye a ƙusa sai raina ya ɓaci.

Muna zuwa duba ta, motar a sama, but a wofi. In za mu tafi sai ta lalubo wani ɗan kwano, ta zuba albasar da ba ta fi ta miyar kwana biyu ba, ta miƙo mini.

"Tambayi maigidanki," takan ce. "Wanga dai tana iya ɗauka?"