Biron Baba Shekari

Kullum ƙarfe bakwai na safe Baba Shekari ya riga ya bar gidansa na Barnawa, hular kwano a ka, bokiti a bayan mota. Shekara talatin da biyu yana duba gine-ginen gwamnati. Sai ya sa hannu a takarda ake cewa aiki ya kammala, jama'a su shiga. Yau ya yi ritaya, ku matso mu rangaɗa masa guɗa!

Shi fa ba ya duba gini da ido kawai. Ruwa zai sheƙa a banɗaki ya ga inda ya nufa, ya buɗe kowace taga.

Ku tambayi mutanen Sabon Tasha labarin ƙaramin asibitinsu. An gama fenti, an sa ranar buɗewa, matan zumunta har sun ɗinka anko. Mama Dorcas, wadda ciwon ƙafa ya zaunar a keken guragu, ta fi kowa ɗoki, don za ta huta da zuwa cikin gari karɓar magani. Baba ya zo ya tsaya gaban hanyar da aka zuba wa masu keken guragu. Tudu ne, 'ya'yana, sai dai akuya!

Sylvanus ɗan kwangila ya miƙo takarda. "Oga, komai ya yi. Sa hannu kawai."

Baba ya aika aka aro keken Mama Dorcas. "Zauna, Sylvanus. Hau da kanka, in sa hannu."

Ƙato ya zauna, ya tura, ya yi nishi. Yana kaiwa rabi keke ya dawo da shi fuuu, sai cikin tulin yashi! Leburori suka kwashe da dariya.

"Haba Oga, jibi fa ake buɗewa!"

"To jibin Mama ta ina za ta shiga? Ta taga?"

Aka ɗage biki sati biyu. Baba ya sha harara wurin masu anko, bai kula ba. Aka fasa tudun, aka sake zuba shi a kwance. Da ya dawo dubawa, Mama Dorcas ta ce kada kowa ya taɓa ta. Ta tura kanta har bakin ƙofa, ta juyo ta ɗaga hannu: "Na iso!" Sannan Baba ya zaro bironsa.

Kai ne, Baba, mai biro mai nauyi. Kai ne ka tuna da wadda ba ta cikin takarda. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma da kuka gaji kujerarsa, kafin ku sa hannu, ku zauna a keken nan tukuna.