Ruwan Tsiron da Ya Kwana Uku

Sallolin nan biyu da suka wuce Malam yana barci, la'asar da magariba, a kan wa za a rubuta su, shi ko ni? Yau shekara goma sha ɗaya da rasuwarsa, har yanzu ban sami amsa ba. Ban yi karatu ba. Ɗiyata Falmata ce ke rubutawa ina faɗa, kuma ita ma yau ta fara jin wannan magana.

Malam mijina ne, baduku a Ƙofar Wambai, aikinsa rina fata. Ni kuma a gidanmu na Mandawari ina yin ruwan tsiro, abin da na gada wurin kakata da ta zo daga Barno. A jiƙa dawa, a shimfiɗa ta a jiƙaƙƙen buhu har ta tsiro, a shanya, a niƙa, a dama da ruwan zafi har zaƙinta ya fito, a tace, a tafasa da citta da kanumfari. Kakata doka ɗaya ta ba ni: ba ya kwana biyu a tulu.

Nawa yana da daɗi, amma ba shi da kyan gani. Malam kuwa idonsa na launi ne. Ya kan ɗaga kofin ya ce, "Yagana, wannan ruwan kududdufi ne ko na wanke tukunya?" In ce, "Ajiye idan ba ka so." Sai ya shanye. Shi ya koya mini in soya ɗan tsiron a kasko don ya yi duhu, in jefa karan dafi irin wanda yake rina fata da shi don ja ya fito. Shi ya sayo mini farin ƙyalle a Kasuwar Kurmi, ya ce in tace sau biyu, kada in matse, matsa ce ke tura gari cikin ruwa. Launi ya gyaru. Garau ɗin ne na kasa samu, shekara da shekaru, kuma tsokanar nan tasa tana ci mini rai fiye da yadda na nuna.

Da ya kwanta ciwon ajali, cikinsa ya daina karɓar komai sai wannan ruwa. Bazara ce, zafi kamar a gasa mutum. Na ce a raina, ko sau ɗaya sai ya ga irin wanda yake so. Na lura idan ya kwana gari yana kwantawa a ƙasa, sai na bar tulu ɗaya ya kwana uku. Da na buɗe, ga shi ja garau, ana hango gindin ludayi. Ga kuma ƙananan kumfa suna tasowa, ga wani wari mai kaifi da ya bugi hancina. Ba zan ce ban sani ba. Na san abin da tsiro yake zama idan ya daɗe. Na kwashe kumfar, na tsiyaye a kofin gilashi, na kai masa bayan azahar.

Ya ɗaga shi saitin taga, ya daɗe yana kallo, ya yi murmushi. Ya sha kofi biyu a cikin da babu komai. Mutumin da tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa ganin salla ta wuce shi ba, ko da a kwance ne, ya yi barcin da na girgiza shi har na gaji. Aka kira la'asar, aka kira magariba. Garin gyaran gira na rasa ido.

Na taɓa tambayar wani malami a kaikaice. Ya ce mai barci an ɗauke masa alƙalami. Bai ce komai a kan wadda ta sa shi barcin ba, don ban ba shi wannan rabin labarin ba.

Yanzu idan na leƙa ƙofar gida ina ganin zoɓo da kunu a robobi, ja wur da garin kala na leda. Na san da Malam yana nan sai ya ce ko fatar akuya ba zai rina da wannan ba. Falmata ta saya mini firji. Abin sha ya kwana huɗu a ciki ya kwanta garau, bai juya ba. Ranar da na fara ganin haka na zauna a gabansa na yi kuka, tana tsammanin murna ce. Da zai ga firjin, ina jin dariya zai yi ya ce ashe maganin abin sanyi ne. Ni dai tun rasuwarsa ban ƙara jiƙa dawa ba.

Me ya rage nasa? Fatun da ya rina sun tafi a ƙafafun mutane, rumfarsa yanzu takalman roba ake sayarwa a cikinta. Abin da ya rage mini shi ne yadda ya rufa mini asiri. Da ya farka bai tambaye ni komai ba. Ya nemi ƙasar taimama, ya rama sallolinsa da ishara, hawaye na bin kuncinsa. Washegari na kai masa sabo, marar garau ɗin da ya saba zagi, ya karɓa ya shanye. Na so in roƙi gafararsa, kunya ta riƙe mini harshe, na ce sai ya ji sauƙi.

Bai ji sauƙin ba. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, ɗakin cike da 'yan'uwansa, ya yafito ni da yatsa. Na sunkuya, na kai kunnena bakinsa yadda ba wanda zai ji. Ya ce:

"Yagana, sauran na tulun nan, kada jikoki su sha. Ki zubar da kanki, ki wanke tulun da toka. Amma fa ya yi kyau."