Aro a Garejin Kawu

Mahaifina yana da mota Bitil koriya, wadda ya saya tun kafin a haife ni. Mu 'ya'yansa da kunyarta muka girma. Injinta a baya yake, ba ta da lagireto, iska kawai ke sanyaya ta, kuma in ta doso layinmu a Bulumkutu tun daga bakin titi ake jin ƙararta. Ka kuskura ka kushe ta a gaban Baba, ka jawo wa kanka wa'azi. Wai motocin zamani in zafin Maiduguri ya taso sai ka gan su gefen hanya suna huci, tasa kuwa ko a jikinta.

Mutum ɗaya ne ke taɓa motar nan, wani tsohon bakanike a Mafoni, abokin Baba tun suna samari. Kawu muke ce masa. A garejinsa na sha zama ina yarinya, a kan tsohuwar taya, ina cin gyaɗar da yake saya mini. Bayan garejin akwai gawarwakin Bitil jere a ƙarƙashin darbejiya. Da yake an daɗe da daina kawo kayan irin wannan mota, daga jikinsu ake cire na gyara. Aro suke kiran abin. Amma aron yana da ƙa'ida, kuma daga bakin Kawu na fara jinta: motar da mai ita ya rasu, ko ya yi watsi da ita, ita ake wa aro. Motar mai rai ba a cire mata ko noti sai an tambaye shi.

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, motar ma tana kwance, tana ƙona baƙin mai tana hayaƙi. Likita ya ce dole ya riƙa takawa kullum, Baba ya ce shi ba yaro ba ne da za a koya masa tafiya. Na yi lallashi, na yi faɗa, duk a banza. Rannan haushi ya ishe ni na ce, "To Baba, in ba ka taka ba wa zai ja Bitil?" Ya dube ni ya daɗe. Ya ce a kai ta wajen Kawu a sauke injin a gyara.

Daga nan ya kama tafiya. Kowace safiya kafin in wuce makarantar da nake koyarwa sai in biya gida in riƙe shi, daga ɗaki zuwa zaure, yana jan ƙafa yana mita. Fistin da ringin injin kuwa sai da na sa ɗan ƙanwar Baba ya karaɗe Kano kafin aka samu, na ɗauka da hannuna na kai Mafoni a keke Napep.

Wata ya bi wata. In na je sai Kawu ya tarbe ni da "Wushe, wushe, 'yata," sannunsu ta Barebari, ya ce saura kaɗan, aikin tsohuwar mota ba ya son gaggawa. Duk Juma'a kuma yana zuwa duba Baba, ya zauna bakin gado, ya yi masa addu'ar samun sauƙi har muryarsa na rawa. Ni da ba na yarda da mutane da wuri, ko sau ɗaya ban kawo komai a raina ba.

Ranar da aka kawo motar Baba da kansa ya fito ƙofar gida, da sanda, ba wanda ya riƙe shi. An wanke ta tana ƙyalli. Ƙanena ya shiga ya murza makulli, ta tashi. Ni dai ƙara na ji irin ta kullum, har na fara dariya. Baba ya karkata kai ya saurara.

"Kashe ta," ya ce. Maganarsa ba ta fita sosai tun ciwon, amma kowa ya ji. "Wannan ba injina ba ne."

Aka buɗe baya. Ko ni da ban san kan mota ba na ga abin: haɗe-haɗe ne, ƙarfe wani launi daban da wani, murafen gwangwanin da ke kora iska ta bi jikin injin rabinsu babu, an ɗaure wani wuri da waya. Baba ya ce a wannan zafin ba za ta kai ko unguwar Mairi ba sai ta buga.

Ban ko shiga gida ba na tari keke. Na sami Kawu a zaune yana wanke kabureta a cikin kwano. Na gaishe shi, don tarbiyya ba ta bari, sannan na ce, "Kawu, ina injin Baba?"

Da ya musa da na ji sauƙi. Bai musa ba. Ya ce wani matashi ne ɗan masu hali ya kawo tasa Bitil ɗin, irin waɗanda ake gyarawa a yi wa fenti don hoton biki, ga lokaci ya matse, ga injin Alhaji, wato Baba, an gama shi yana ajiye, sai ya ɗora wa matashin.

"Aro ne, 'yata."

"Aro? Ka tambaye shi? Ba kai ne ka ce ba a yi wa motar mai rai aro ba?"

Ya ci gaba da goge kaburetar, bai ɗago ba. Can ya ce, a hankali, kamar mai yi mini nasiha, "Ke ma fa kina ganin jikinsa. Wannan ciwon na san shi. Alhaji ba zai sake riƙe sitiyari ba."

Wato duk Juma'ar nan da yake zama bakin gado yana shafa addu'a, shi a wurinsa an riga an gama. Na tsani mutumin nan a lokacin, kuma ba zan ce na daina ba. Na so in yi masa rashin kunya a gaban kowa, amma sai na juya na fito.

A hanya na shirya ƙarya mai kyau: kuskure aka yi wajen mayarwa, mako mai zuwa za a canja. Na tarar da Baba a kwance. Na fara zuba, ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Aro ya yi?"

Baba ya fi ni sanin ƙa'idar garejin, ba ya bukatar in ƙarasa masa.

"Ashe haka ya gan ni," ya ce.

Washegari da safe na biya kamar kullum, na sa hannu a ƙarƙashin kafaɗarsa zan ɗaga shi. Ya riƙe gefen katifa.

"Bar ni, Uwata. Je ki, kada ki makara."