Kwanar Gada da Volvon Evert

Majvor Hedlund ba ta da yawan magana, kuma ba ta mantuwa. Shekara talatin muka yi tare a masana'antar takarda ta garinmu a lardin Värmland, ita tana walda, ni ina ɗakin awo. In ka taka ta yau ba za ta ce maka uffan ba. Sai ka manta sannan ka ji a jikinka.

Mahaifinta, Evert, yana da wata tsohuwar Volvo ja. Duk watan Agusta yakan shiga tseren tsofaffin motoci da ƙungiyar garinmu ke yi a hanyar tsakuwa ta cikin daji, inda ake sakin mota ɗaya bayan ɗaya ana duba agogo. Kamar sauran motocin zamaninta, tayoyinta na baya a kan sandar ƙarfe guda suke. In ɗaya ta daki tudu, sai ɗayar ma ta yi tsalle, bayan motar ya kwashe. A Kwanar Gada, inda hanya ta cika da kunya-kunya, sau huɗu Evert yana ƙarewa a cikin kwata.

Ranar jana'izarsa, ana shan kofi a zauren coci, Rolf Ekdahl ya miƙe zai yi jawabi. Shi ne shugaban ƙungiyar, kuma shi ke cin tseren kusan kowace shekara. Da guntun burodin kirfa a hannunsa ya ce, "Evert mutumin kirki ne, amma ba direba ba ne. Kwatar Kwanar Gada ma ta fi mu sanin fuskarsa."

Aka yi dariya, har da ni, ba zan ɓoye ba. Majvor ta ajiye kofinta, ta ɗauki rigar sanyinta ta fita.

Sai bayan wata biyu na leƙa garejinta. Na tarar ta ɗage motar, ta cire sandar baya gaba ɗaya ta jingina da bango. A tsakar ɗakin akwai ƙafafun bayan wata mota da ta sayo a wurin 'yan gwangwan, irin waɗanda kowace taya ke da nata hannun ƙarfe da nata sifirin, tana hawa tana sauka ba ruwanta da 'yar'uwarta. Na tambaye ta ko wannan zai shiga. Ta ce ba zai shiga ba, ita za ta shigar da shi.

Hunturu biyu ta yi tana wannan aiki. Ta yanke ƙasan but ɗin motar, ta ƙera firam da hannunta, ta rage tsawon ƙarafunan da ke juya tayoyi. Gwajin farko motar ta riƙa tafiya a karkace kamar kaguwa, don ta kuskure awo da faɗin yatsa. Ta sare duk waldar ta sake daga farko. Tartsatsi ya ƙone mata dantse, tabon yana nan har yau. Na sha ce mata Rolf ko tuna abin da ya faɗa ba ya yi. Ta ce ai shi ya sa.

Da jami'in duba motoci ya sa mata hannu, ba ta gaya wa kowa ba. Ta bar fentin yadda yake, har da lotsewar ƙofa.

Ranar tsere Rolf ya hango ta a layi, ya taho yana murmushi. Ya ce ya ji daɗin ganin motar tsoho, kuma ya sa an ajiye tarakta kusa da gada don jawo ta daga kwata.

"Ka kyauta, Rolf. Ka ce direban kada ya yi nisa," in ji ta.

A Kwanar Gada na tsaya. Rolf ya wuce yana rage gudu yadda kowa ke yi. Da jar motar ta ɓullo ban ji ta sassauta ba, sai na rufe ido ɗaya. Tayoyin baya suka bi kunyoyin nan suna lotsawa ɗaya bayan ɗaya, bayan motar bai ko girgiza ba. Tsakuwa ta watso mana, ta wuce. Da daƙiƙa huɗu ta fi Rolf.

Rolf ya kwanta a ƙasa ya leƙa ƙarƙashin motar, ya tashi fuskarsa ta yi ja, ya ce wannan maguɗi ne. Majvor ta roƙi sakatare ya karanta doka a gaban kowa. Dokar ta ce jiki da inji su zama na asali, abin da ke ƙasa kuwa mai mota ya yi yadda ya ga dama. Sai ta tambaya wa ya rubuta ta. Sakataren ya yi ta shafa ƙeya kafin ya ce Rolf ne, a shekarar da ya canza birkin tasa motar.

Ta matso kusa da Rolf, ta yi magana ba da ƙarfi ba, amma mun ji. "Babana bai rasa hannu ba, ƙafafu motarsa ta rasa. Kai kuma me ka rasa yau?"

A taron ƙungiya na lokacin kaka Rolf ya sauka daga shugabanci, ya ce gwiwa ke damunsa. Kafin bazara ya sayar da motarsa ga wani ɗan Norway. Matar Rolf ta daina gaishe mu a kanti, ni da ban san hawa ba ban san sauka ba.

Na ce wa Majvor abin ya yi yawa, dattijon ya rame. Ta ce ita ba ta ga ramar ba, kuma da zai dawo da ta ƙara masa. Amma ba ta sake shiga tseren ba, ta ce babu wanda take son wucewa a cikinsu. Yanzu ta yi ritaya. Duk Talata da wannan mota take kai yayarta asibiti a Karlstad, kuma yayar kan yi barci tun kafin su fita gari.