Malam Mika'ilu da Mai Yankan Dashe

Malam Mika'ilu wanzami ne ɗan wanzami, haifaffen Ƙofar Dumi. Shekara arba'in ya yi yana yawo da zabira a kafaɗa, har samarin zamani suka koma wajen masu aski da inji. Bai nuna fushi ba. Cewa ya yi kan da inji ya taɓa bai sake cancantar askarsa ba, sai ya nemi ɗan fili a bakin rafi bayan Yelwa, ya buɗe lambu.

Kai ɗaya tak ya rage masa a duniya, na Obadiya, tsohon direba wanda lambunsa ke jikin nasa. Kowace Asabar, a ƙarƙashin mangwaro, Obadiya ya miƙa kai, Mika'ilu ya aske, suna gardamar wanda ya fi wani iya noma. Shekara goma sha biyu suna haka, kuma a wannan rana ce kaɗai Mika'ilu yake jin har yanzu shi wanzami ne.

Bana, kwana uku da yin dashen tumatir da tattasai, ya zo da safe ya tarar da bakwai a kwance. Da wani manomin ne, da ya ɗora wa akuya ko kaza laifi. Mika'ilu kuwa ya tsuguna, ya ɗauki ɗaya, ya dubi bakin yankan. Akuya tsinka take yi, kaza tonawa, amma wannan yanka ne dab da ƙasa, ba a taɓa ko ganye ɗaya ba. Ya leƙa lambun Obadiya, ya ga dashe tsaye ƙyam, kowanne an zura masa gwangwanin madara da aka fasa wa gindi. A makon jiya shi ne ya yi wa gwangwanayen dariya, ya ce maƙwabcinsa ya buɗe kanti.

Kashegari goma sha ɗaya suka faɗi. Da hantsi, a teburin Musaddiq mai shayi, ya bayyana wa jama'a cewa shi bai ambaci sunan kowa ba, amma aikin aska ne, kuma a duk bakin rafin mutum ɗaya ne ya shekara goma sha biyu kusa da aska har ya koyi riƙonta.

Magana ta isa inda aka aike ta. Ran Asabar Mika'ilu ya wasa aska, ya zauna har azahar, ba wanda ya zo. Sai labari ya biyo baya cewa an ga Obadiya tsaye a ƙofar shagon masu inji yana tambayar layi. Wannan ya fi faɗuwar dashe zafi.

Ran Litinin Juliana, matar Obadiya, wadda ake kira Maman Felicia, ta tsallako kunyar da ta raba lambunan da tsohon cokali a hannu.

"Malam, nuna mini wanda aka yanka maka yau."

Ya nuna da baki. Ta kafa cokali a gefen kututturen, ta tono ƙasa zurfin yatsa, sai ga wata tsutsa mai launin toka ta naɗe kamar zobe. Ta gaya masa da rana a ƙasa take ɓuya, idan duhu ya yi ta fito ta gwaguye ƙaramin dashe ta kwantar. In an danna gwangwani cikin ƙasa kamar yatsa biyu, aka zagaye da toka, ba ta da hanya. Ta ƙara da cewa ita ce ta sa gwangwanayen, domin mijinta ko albasa bai iya yankawa daidai ba.

Mika'ilu ya daɗe yana duban tsutsar a tafin hannunsa.

"Maman Felicia," in ji shi, "ba ta da zabira, amma aikinta da tsafta."

Da ya tambayi inda ake samun gwangwani, sai ta ce wajen Musaddiq mai shayi. Haka ya ɗauki buhu ya koma teburin da ya yanke hukunci, a gaban mutanen da suka saurare shi. Musaddiq ya ƙi miƙo ko ɗaya sai da ya ji ko an kama mai aska. Mika'ilu ya ce an kama ta, kuma bincike ya nuna ba ta da dangi a unguwar. Aka yi ta dariya yana tsintar gwangwani, bai ɗaga kai ba. Dashensa bai sake faɗuwa ba.

Haƙuri dai bai iya bayarwa da baki ba. Ran Asabar ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mangwaro, ya jera asake, ya zuba wa hanya ido. Sai da rana ta take Obadiya ya iso da hula har kunne. Ya zauna bai yi gaisuwa ba, ya daɗe, sa'an nan ya cire hular. Gashin mako biyu ne cunkus, inji bai taɓa shi ba.

"A yi a hankali, Malam," in ji Obadiya, yana sunkuyar da kai. "Ban sa gwangwani a wuya ba."

Mika'ilu ya jiƙa masa kai, ya ce ya riƙe bakinsa, ana aiki.