Gaisuwar Suruki Cikin Kayan Jarumi

Aikina a Dubai na ofis ne, bari in fara da wannan kafin wani ya yi mini fassara. Ina sashen talla na wani gidan sinima da ke cikin wani katafaren mol, wato rukunin shaguna, da kwat nake zuwa, ina da kujerata da kwamfutata. Abin da ya kai ni ga sa matsattsen wando a bainar jama'a, bakina ne.

Akwai wani tsohon shirin talabijin na Turawa da muka taso muna kallo a Kano, a falon maƙwabcinmu. Jarumin ya rufe rabin fuska, ya ɗora kamfai a kan wando, ga mayafi yana jan ƙasa, kuma duk naushin da ya kai sai a rubuta ƙararsa ɓaro-ɓaro a allo. Shirme ne tsagwaronsa, amma a lokacin gani muke duk duniya babu namiji kamarsa. Da ranar da aka fara haska shirin ta zagayo, manajanmu ya ce za mu nuna kashi na farko a babban allo, a raba gugguru, a samo wanda zai yi shigar jarumin yana hoto da yara. Ni kuwa a wurin mitin ɗin na saki baki, na ba da labarin kashin nan tiryan-tiryan, har da kwaikwayon tsayuwarsa, hannu a ƙugu. Aka yi ta dariya, ina jin kaina wani ne.

Ranar bikin, wanda aka ɗauko don shigar ya bugo waya wai ba shi da lafiya. Manaja ya waiwayo ya dube ni. Na ce masa ni magidanci ne, da 'ya'yana. Ya ce da Larabcinsu yalla habibi, fuska a rufe take, wa zai gane ka, khalas, magana ta ƙare. Kayan nan kuwa don siririn saurayi aka ɗinka su. Da na cusa kaina ciki, tumbina ya fito kamar an ɗaure ƙullun ƙosai a leda. Na ƙi kallon madubi sau biyu.

To a makon nan surukina yana gidanmu a unguwar Al Nahda, ya biyo daga Umra ya ga jikokinsa. Dattijo ne mai ƙarancin magana, limamin unguwarsu, kuma a duk zamana da shi ban taɓa jin ya faɗi abin da ba haka yake ba, ko da wasa. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa tsayawa a kansa ba, hula ma ba na shiga inda yake babu ita. Abin da ban sani ba, ƙanin matata da ke karatu a Sharjah, ɗan neman magana na ƙarshe, ya ce bari ya fita da Baba ya sha iska, ya kuma ga inda nake aiki.

Ina tsaye hannu a ƙugu, yara sun yi layi, sai na hango farar babbar riga da carbi suna nufo ni. Hankalina ya ce mini tsaya cak, ba wanda ya san kai ne, su wuce abinsu. Ƙanin matata ma bai gane ni ba, waya ya ɗaga zai ɗauki hoto yana ƙyalƙyala dariya. Amma da Baba ya iso daf da ni, gwiwoyina ba su yi shawara da ni ba. Kafin in ankara na zube ƙasa, na sunkuyar da kai, mayafi ya bazu a tayil, bakina ya ce, “Baba, barka da fitowa.”

Wandon ya yi wata ƙara daga baya. Yaran suka ɗauka wasan ne, suka hau tafi.

Ban ɗago ba, takalman Baba kawai nake gani. Ya ɗan tsaya, bai amsa ba, sannan takalman suka juya a hankali suka yi gaba. Na ji yana ce wa ɗansa su tafi, ƙafarsa ta gaji. Haka na ƙarasa aikin nan da mayafi naɗe a ƙugu, gumi yana bin bayana duk da sanyin AC. A ɗakin canja kaya na zauna na rasa ta inda zan shiga gidana. Mutumin da ya ɗauki 'yarsa ya ba ni saboda an ce masa ni mai kamun kai ne, yau ya gan ni da kamfai a kan wando.

Na shiga gida kafin magariba, da hulata. Suna falo. Na tsuguna daga bakin ƙofa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, ya tambayi aiki, na ce alhamdulillahi. Matata ta fito daga kicin tana tambaya ko sun same ni a ofis ɗin. Ƙaninta tuni ya ciro waya, kafaɗunsa suna girgiza don dariya, ya ce Yaya zo ki ga jarumin gidanki.

Baba ya miƙa hannu ya karɓi wayar, ya kifa ta a kan cinyarsa.

“Ba mu same shi ba,” ya ce da ita. “Mun zagaya, ban ga kowa ba.”

Ɗansa ya buɗe baki, Baba ya dube shi sau ɗaya, yaron ya rufe bakinsa. Matata ta ce ayya, wata rana, ta koma kicin. Ni kuwa ina tsugune a wurin, kunyar da na ji a mol ba komai ba ce a kan wannan. Dattijon da mutane ke bin sa salla ya yi ƙarya a gaban 'ya'yansa, don kada in muzanta a idon matata.

Da aka kira salla ya miƙe, ya wuce ta gefena bai dube ni ba. Na ji shi yana istigfari ƙasa-ƙasa har ya kai ƙofa.