Babbar Tabarmar da Muka Ɗaura Domin Farfesa Noelene

Ranar Talata, sha huɗu ga Mayu, 'yata Lupe ta dawo gida Queanbeyan da rana tsaka, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ko ajiye jaka ba. Ta ce, "Mama, Noelene ta rasu." Farfesa Noelene Pascoe, malamar da ke duba karatunta na digirin dakta.

Farfesa, na san za ki ce in bar wannan lakabin. Bakina bai taɓa iya kiran sunanki tsirara ba.

Ni sai da na haifi huɗu a Tonga na koyi haɗa baƙi, don haka abin da ban gane ba tsoro yake ba ni. Can baya, lokacin da Lupe ta fara karatu a wajenki, tana ta ramewa, ta ce wai kan iyakar ruwa take nazari. Na shiga motar haya zuwa jami'a don in ɗauko 'yata.

Ba ki yi mini dariya ba. Kika zuba ruwa da mai tsakanin gilasai biyu da aka matse, kika ce in dubi layin da ya raba su.

Na ce, "Ai a tsaye yake."

Kika ce, "Idonmu ne, Siu. Rawa yake, bai taɓa tsayawa ba. Ki matso ki ƙara girmansa, kamannin rawar ba sa canzawa. Haka ma cikin maganaɗisu. Lupe ce ke gano yadda matsi ke rage ta."

"To ita wa zai rage mata matsin?"

Daga ranar, kowace Lahadi sai kin koro ta coci da cin abincin gida. Har kika zo da kanki, kika cinye ƙunshi biyu na lu sipi, naman ragonmu mai kitse da ake dafawa cikin ganye, kika ce likitanki ba ya jin yaren Tonga.

A wajen jana'izarki mun ɗaura babbar tabarma a ƙugu, wadda a al'adarmu ta Tonga sai dangi na jini ake ɗaura wa. Ba mu yi kuskure ba.

Yanzu Lupe ta ƙi komawa ɗakin binciken. Ta ce ba ke, ba ta iyawa, ga aikin saura kaɗan. Hankalina a tashe yake, amma ni da na je ɗauko ta, ni zan mayar da ita ranar Litinin, in zauna a bakin ƙofa har ta shiga.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki. Ya ba mijinki Lindsay da ɗalibanki haƙurin wannan rashi. Ki huta lafiya, Noelene.

Siutaisa Fifita